Shekarun Teta Nabawiyya a Jarida

Nabawiyya tana jera kwalaben lemun tsami da karas da ta jiƙa a ruwan gishiri, a ɗan shagonta na bayan tashar jirgin ƙasa a garin Damanhur na ƙasar Masar, sai ga jikanta Wagdi, mai kiranta Teta, wato kaka, ya faɗo da sabuwar riga. Tun da aka buɗe katafaren kanti a bakin titi ciniki ya ja baya, har mai ginin ya fara kawo baƙi suna leƙa shagon.

"Lafiya lau na kwana, sai da na gan ka," ta amsa gaisuwarsa. "Rigar wa ka ara?"

"Teta, gyara ɗankwali. Yau 'yar jarida za ta zo."

"Wa ya mutu?"

"Kasuwarki. Ni na zo tashinta. Na yi ta buga wa jaridar lardi waya har suka gaji suka ɗauka."

"Kai da ko uwarka ba ta ɗaukar wayarka? Me ka ce musu?"

"Na ce akwai wata tsohuwa mai shekara ɗari, har yau da hannunta take jiƙa lemu."

Nabawiyya ta duba hagu, ta duba dama.

"Ina take? Mu je mu gaishe ta."

"Ga ta nan tana hararata."

"Ɗari! Ɗan banza, ni da ban cika sittin ba?"

"Babana fa ya ba hamsin baya."

"Da wuri na haife shi."

"Kina rarrafe?"

Ta ɗaga ludayi, ya koma bayan ganga.

"Teta, da na ce musu lemu kawai, cewa suka yi kowane lungu yana da mai lemu. Labari suke so."

"To ka ba su naka: ƙato da gemu, takardar jami'a a bango, hannu a tukunyar kakarsa."

"Wannan ba labari ba ne, rabin garin nan haka suke."

"Hoto za su ɗauka?"

"Babba ma. Ki dai rufe baki, kada haƙoran aro su faɗo a gaban mutane."

"Ko a kofi suke sun fi naka fari."

Ta ajiye ludayin. Idonta ya sauka kan kwalaben da suka yi ƙura a saman kanta. A shagon nan ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, kuma ta san in wannan lokacin ya wuce haka, wani ne zai rataya sunansa a ƙofar.

"Tamanin," ta ce.

"Sun riga sun tsara kanun labari."

"To in Hajja Su'ad ta unguwarmu ta karanta fa? Matar da take rina gashi tana cewa ita yarinya ce? Dariya za ta yi mini har ta shiga kabari."

"Ba ita ce kowa ya san ta girme ki da shekara biyu ba?"

Nabawiyya ta yi lissafi da yatsu. A hankali kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, har ta dafa ganga tana share hawaye.

"Ɗari da biyu!" ta ce. "Wagdi, Allah ya yi maka albarka, ɗan iska. Ruga ka tarbo yarinyar nan. Kuma ka ce ta rubuta sunan Su'ad daidai, har da na babanta."