Umarnin da Na Raɗa wa Sunan Matata

Zamanin mulkin soja, ni kaɗai na iya kwamfuta a ofishinmu na Sakkwato. Ana kirana Injiniya, ni kuma ina hura hanci. Dogon umarnin da ke kwafe aiki zuwa faifai na dunƙule shi a kalma ɗaya, BALKITA, yadda nake kiran matata idan mun kaɗaita.

Sai na faɗo daga babur a Ƙofar Atiku, aka naɗe min hannu biyu. Da aka buƙaci kwafe aiki, Darakta, wanda surukina ne, ya zauna gaban na'urar da kansa, ma'aikata sun kewaye mu.

"Mi za ni bugawa?"

Na faɗa masa harafi-harafi, gumi na keto min. Ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi.

"Wanga Turanci na?"

Har na yi ritaya ba wanda ya sake ce min Injiniya. Balkita kawai.