Saƙon Kamfani a Sahun Jana'iza

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen Challawa ba za su bar ni ba, da ranar jana'izar mahaifiyar Baba Sabo. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma in ka tambaye ni da wa nake fushi, zan lissafo maka mutane da dama kafin in iso kaina.

Ni ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin roba da ke Challawa, masu yin buta da bokiti. Baba Sabo shi ne babban foman, aminin mahaifina, kuma shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki. Duk abin da na yi a kamfanin nan, mai kyau ko maras kyau, fuskarsa ake fara kallo. Ni kuwa gara a kore ni da in zubar masa da mutunci.

Manaja ya ɗora mini aikin mutum biyar ni kaɗai, wai in sake gina manhajar sito da ta rabon shifti, wato lokutan aiki. Sai na nemo ma'aikatan AI, wato na cikin kwamfuta ba mutane ba, irin waɗanda kake gaya wa abin da kake so su rubuta maka manhaja. Akwai wata aba da ake kira tmux, wadda ke tsaga baƙin allon kwamfuta ɗaki-ɗaki kamar gidan haya, kowane ɗaki da lambarsa. Na zuba kowane ma'aikaci a ɗakinsa. Matsalarsu ɗaya, tsayawa. Ka juya baya kaɗan, sai ka tarar wani ya yi cirko-cirko yana tambayar ko ya ci gaba. To don me na ajiye ka, ɗan nema?

Da na gaji da leƙe, sai na rubuta wata 'yar manhaja na sa mata suna Mai Bulala. Aikinta ta riƙa zagaya ɗakunan da lamba, duk inda ta ga allo ya daina motsi ta rubuta masa tsawa ta aika. In bai motsa ba ta ƙara masa wadda ta fi zafi. Tsawar ni na tsara ta, a ranar da raina yake a ɓace, da Hausa tsantsa don in huce sosai. (Wani abokina ne ya ce mini faɗa yana sa su ƙwazo. Shi ma yana cikin waɗanda nake fushi da su.) Manaja ya ga abin ya yi ta washe baki, har gaban Alhaji mai kamfani ya je yana cewa mu fa yanzu mun wuce sa'a, injinanmu da kansu suke aiki.

Ran nan da hantsi sai ga Manaja a guje, ya ce mahaifiyar Baba Sabo ta rasu, an tsayar da aiki, in tura wa kowa saƙo yanzu-yanzu a haɗu a gidansu da ke Panshekara. Ka san jana'iza ba ta jiran kowa. Na rufe ɗakin wani ma'aikaci da ya gama aikinsa, na buɗe sabo, na kunna abin tura saƙon waya da sunan kamfani, na aika sanarwar. Na kife murfin kwamfuta na bi motar ma'aikata. Abin da ban tuna ba shi ne sabon ɗakin ya gaji lambar wanda na rufe, lambar da Mai Bulala ke leƙawa, kuma abin tura saƙon yana nan a buɗe yana jiran a rubuta masa wani. Kife murfi kuwa bai tsayar da komai ba, don ma'aikatan da Mai Bulala a babbar kwamfutar ofis suke gudu. Wannan ma har alfahari nake yi da shi.

Muna tsaye a ƙofar gida ana jiran fito da gawa, sai wayoyi suka fara kuka, nan da can, kamar kwaɗi bayan ruwa. Tawa ma ta motsa. Na duba, sunan kamfani ne a sama, a ƙasa kuma: "Me ka tsaya yi? Ci gaba da aiki."

Na ɗaga kai na ga mutane suna duban juna, wani dattijo yana miƙa wa ɗansa waya ya karanta masa. Kafin in yi tunanin abin yi aka fito da gawa, liman ya ce a daidaita sahu. Ina zan je? Ina tsakiyar sahu, kafaɗa da kafaɗa. Ana tsakiyar salla, wurin tsit, wayoyin suka sake ɗauka gaba ɗaya. Ni kaɗai na san abin da ke ciki ba tare da na duba ba: "Ba a ajiye ka a nan don ka huta ba." Allah Ya yafe mini, ban san addu'ar da na karanta wa baiwar Allah nan ba.

Ana sallamewa na kutsa na fita. Jama'a sun ɗauki makara sun yi gabas, ni na yi yamma a guje, takalmi a hannu, ina tsayar da adaidaita sahu. Kowa ya gan ni. Wutar lantarkin da kullum sai an ɗauke ta sau ba adadi, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ina kan hanya tsawa ta uku ta shigo, a daidai lokacin da Baba Sabo yake bakin kabarin mahaifiyarsa: "In ba za ka iya ba, akwai masu jiran gurbinka."

Da na isa ofis ban tsaya neman ɗaki ko lamba ba, wayar wutar babbar kwamfutar na fizge daga bango.

Washegari ma'aikata suka ƙi shiga, suka taru a bakin get. Manajan da ke cewa "mu", yanzu ya koma "yaron nan". Shi ya turo ni gabansu in yi bayani, ya koma ofis ya kulle ƙofa. Na yi ta zuba, ɗaki, lamba, allo, ba da mutane nake ba, da na'ura nake. Wani ya ce to na'urar ce uwarta ta rasu? Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin taron nan kaf babu wanda ya taɓa zaton kuskure ne. Kowa ya karanta ya ce e, halin masu kamfani ne. Sai da Alhaji ya zo da kansa ya ba da haƙuri suka shiga.

Da yamma na je wurin zaman makoki, na durƙusa a gefen tabarma na ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara." Na fara bayanin ɗakuna, ya ɗaga mini hannu.

"Ni saƙon bai ba ni mamaki ba, na daɗe a kamfani," in ji shi. "Da aka ce kai ka tsara kalmomin ne na sha mamaki. Ashe har ka iya."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a kore ni ba, kuma na san wanda ya hana, ko da yake bai taɓa faɗa mini ba. Yanzu kowane ɗaki da suna ake kiransa, abin tura saƙo kuma ba ya ko kusantar inda suke. Tsawar na goge ta, na mayar da ita "Sannu da aiki, don Allah a ci gaba." Aikin nasu bai ragu ba, bai ƙaru ba, ashe ni kaɗai nake ta haƙilo. Darasin dai na koya da tsada: duk maganar da ba za ka so a karanta ta a sahun jana'iza ba, kada ka ba na'ura ajiyarta. Leburori kuwa har gobe in na wuce sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "A ba shi hanya, ga Akwai-Masu-Jira nan."