Tarkon Injiniya Na-Faɗa

"Ya iso?"

"Ba ka ji ƙarar makullai ba? Yana hawowa bene."

"Na shiga uku. Ban haddace kalmar sirrin wannan makon ba."

"Ni tawa tana cikin takalmina, a rubuce."

"Yi shiru, ga shi nan."

Ga shi nan kuwa. Wanda bai taɓa ganin Injiniya Na-Faɗa yana shigowa ofis ba, bai san kwarjini ba. Katin shaida uku a wuya, makullai goma sha ɗaya a ƙugu, jakar kwamfuta a hammata kamar mai dakon sirrin ƙasa. Shi ne shugaban sashen kwamfuta na wani kamfanin jigilar kaya, kuma a ƙiyasinsa shi kaɗai ne ya tsaya tsakanin kamfanin da halaka. Sunan ma wata baiwa ce da Allah ya yi masa ta jawo masa. Duk abin da ya lalace, daga firinta har famfon banɗaki, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Na faɗa!" Ba a taɓa samun wanda ya ji lokacin da ya faɗa ɗin ba, amma wannan laifin kunnuwan mutane ne.

Ilimi kam, Allah ya ba shi, ya kuma ba shi karamcin rabawa ko ba a tambaya ba. A ɗakin shan shayi yake buɗe makaranta.

"Yaran yanzu ba rubuta manhaja suke yi ba, kwashe-kwashe suke. A zamaninmu, kafin kwamfuta ta ce maka sannu sai ka rubuta layi arba'in. Wannan shi ne yaren kwamfuta! Na yanzu duk kayan wasan yara ne."

Rabonsa da rubuta layi ɗaya shekara goma sha huɗu ke nan. Ya bar wa na baya ne, don su ma su samu abin yi.

Manyan kamfanonin waje kuwa, ya gama da su tuntuni. "Ɓarayi ne masu kwat! Su sayar maka da babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutarka, ƙofofinta duk a buɗe, gobe su dawo su sayar maka da ƙyaure. Ni ba na taɓa kayansu." Yana faɗa yana goge gilashin sabuwar wayarsu, wadda ta fito watan jiya. Ya saye ta ne domin bincike.

Siyasa ma bai ƙyale ta ba. "Matsalar shugabanni ita ce riƙe komai a hannu ɗaya. A ba ni ƙasar nan kwana bakwai. In kashe ta, in ƙirga goma, in sake kunnawa." Sai ya miƙe, makullan kowane ɗaki na kamfanin suna kaɗawa a ƙugunsa, ya tafi duba ko akwai wanda ya canja hoton allon kwamfutarsa ba da izini ba.

Ana nan sai kujerar darakta ta faɗi. Shugabar kamfanin, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta ce ranar Alhamis za ta bayyana wanda zai hau. Injiniya bai nemi kujerar ba, Allah ya kiyaye. Ya dai sa an auna faɗin ƙofar ofishin darakta, don ya san ko teburinsa zai shiga.

Amma mutum irinsa ba ya hawa kujera shiru. Sai duniya ta ga dalili. Ranar Litinin ya kira Yaya Shiru, matar da ta rubuta duk manhajar da kamfanin ke aiki da ita, wadda shekara tara tana zaune a lungu ɗaya kusa da injin kwafi.

"Ƙanwata, za mu ɗana tarko. Ki rubuta saƙon yaudara irin na 'yan kutse, ki tura wa kowa ta imel. Duk wanda ya latsa ya zuba kalmar sirrinsa, na'ura ta riƙe sunansa. Ranar Alhamis mu haska sunayen a bango. Wanda ya faɗa, babu ƙarin girma gare shi bana. Shugaba ta riga ta sa hannu, ni na kai mata takardar. Kuma kada ki gaya wa kowa abin da saƙon zai ƙunsa, har ni, don a san ana adalci."

"Har da kai za a tura wa, Yallaɓai?"

Ya yi dariya har makullai suka taya shi. "Tura! Ai sai kin fi jin daɗi."

A ranar dai, don a ƙara wa tsaro armashi, ya fitar da sabuwar doka. Kalmar sirri ta koma harafi talatin da biyu, kuma wanda ya kuskure sau uku, na'ura ta kulle shi mako guda. Kansa kaɗai ya cire daga dokar, saboda likita ba ya shan maganin majinyaci don kawai a ga ya sha. Kafin azahar kamfanin ya yi tsit. Magatakarda ya zaro tsohon littafi da biro. Mai tsara tafiyar direbobi ta koma leƙa taga tana ƙwala musu kira. Injiniya ya zaga ofis-ofis, hannu a baya, ya ga allo bayan allo a rufe, ya ce bai taɓa ganin kamfanin cikin aminci irin na yau ba.

Ranar Talata da hantsi saƙo ya shigo masa. Majalisar Ƙwararrun Tsaron Kwamfuta ta Duniya, wadda bai taɓa jin sunanta ba amma ya daɗe yana jiran ta, ta zaɓe shi cikin gwanaye goma na wannan ƙarni. Abin da ya rage kawai ya shigar da kalmar sirrinsa, a tabbatar shi ne, a aiko da lambar yabo.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya share ƙwalla. Ashe dai akwai masu gani.

Ya shigar. Shafin bai ce komai ba. Ya sake shigarwa. Shiru. Ya tsine wa kamfanin da ke ba su intanet, ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya kuma shigarwa. Sau bakwai, domin Injiniya ba mai barin aiki rabi ba ne. Sannan ya buga wa uwargidansa waya ya ce a kai kwat ɗinsa mai ruwan toka wajen guga, a kuma sauke hoton surukinsa daga bangon falo, ana buƙatar ƙusar. Bai gaya wa kowa a ofis ba. Yana so ya haɗa albishir biyu rana ɗaya.

Alhamis ta zo. Ɗakin taro ya cika har bakin ƙofa. Injiniya ya tsaya gaban farin bango cikin kwat mai ƙamshin guga, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan'uwa ma'aikata. Ba na'ura ce ke cin amanar kamfani ba, mutum ne. Mutum mai kwaɗayi, mai son a yabe shi, wanda da an kira shi gwani sai ya miƙa makullin gidan ubansa. Yau za ku ga fuskokinsu. Kuma ina roƙo, kada a ji tausayin kowa. Ko ɗan'uwana ne, doka ta hau kansa. Ƙanwata, haska!"

Yaya Shiru ta danna maɓalli.

Layi ɗaya ne ya fito a bangon. Suna ɗaya, da lamba bakwai a gefensa.

Wani a baya ya yi tari. Wata ta cusa bakin gyalenta a baki. Makullai goma sha ɗaya suka yi shiru a karon farko tun da aka rataya su.

Shugaba tana can ƙarshen tebur, ta ƙanƙance ido. "Kamar mutum ɗaya nake hange. Sauran duk sun tsallake ke nan?"

"Sauran ba su ma ga saƙon ba, ranki ya daɗe," in ji Yaya Shiru. "A kulle suke tun Litinin."

Shugaba ta jinjina kai. Ta laluba jakarta, ta laluba aljihu, ba ta samu tabarau ba. Sai ta jawo takardar hana ƙarin girman da ta sa wa hannu, ta shimfiɗa ta a gabanta, ta cire murfin biro.

"Injiniya, kai ne kusa da bangon. Daure ka karanta mana sunan da ƙarfi, na baya ma su ji."