Mutum Goma Sha Uku a Takardar Kallamu

To, a gidan Hajiya Tasalla akwai ƙanenta Kallamu, shekara arba'in da ɗoriya, mutumin kirki wallahi, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. 'Yar Hajiya, Rumasa'u, za ta yi aure can Zanzibar inda angon yake aiki, tsibiri ne, zafi da ruwan sama da sauro. Kallamu aka ɗora wa shirya masu rakiya.

Wata rana Hajiya ta ce, "Rubuto min duk wanda yarinyar nan ta yi wa alkawarin zai ga bikinta." Ya kawo suna goma sha uku. Na ƙarshe Inna Kulu, kakar da ta raini amarya, wadda ta rasu bara, ɗakinta a kulle tun sadakar arba'in.

"Kallamu, Inna fa ta rasu."

"Yaya, alkawari kika ce. Ba ki ce masu rai ba."

Wata rana aka ce ya sayo wa kowa na cikin takarda gidan sauro. Ya sayo sha uku, ya ajiye ɗaya a ƙofar Inna. Da safe babu shi. Da aka leƙa ta taga, ga shi a ɗaure kan gadonta, an soke gefe-gefensa tsaf yadda take yi. Makulli kuwa yana lalitar Hajiya.

Wata rana aka ce ya kai kowa allurar rigakafin cutar shawara, tunda ba a shiga ƙasar sai da katin. An gama da mutum sha biyu, mai allurar ta ɗago kai ta ce, "Tsohuwar da ta shigo bayanku fa, ta fasa ne?" Kallamu ya ce, "Ai ita dama tsoron allura take."

Ranar tafiya filin jirgi a Kano, Hajiya ta ce, "Kada motar nan ta tashi sai kowa ya shiga." Kowa ya shiga. Kallamu ya zare makullin mota ya jefa aljihu.

"Saura Inna."

Direba ya yi faɗa, amarya ta fara kuka jirgi zai tafi ya bar ta. Shi dai yana tsaye. Haushi ya sa Hajiya ta ja shi ta buɗe ɗakin. "Ga shi nan, duba da idonka, wa ke ciki?"

Ƙura ce ko'ina, ba sawun kowa. A cikin gidan sauron, kan matashi, ga fasfon Rumasa'u, wanda ta rantse yana cikin jakarta tun jiya.

Amarya ta zo ta durƙusa a bakin gadon. "Inna, zan tafi. Ki yafe min."

Kallamu ya miƙa wa direba makulli, ya riƙe ƙofar mota ya ɗan jima, sannan ya rufe a hankali. Kujerar jikin taga, har Kano ba wanda ya zauna a kai.