Dogon Doro Ya Rasu a Kan Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya gaji da kallon hanyar Baga, ni Umara, masunci a da, mai gadin shago a yanzu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jirginmu na katako, wanda duk bakin tafki ya sani da Dogon Doro. Ya rasu a unguwar Limanti, cikin Maiduguri, a tsakar gidan da ko kwata ba ta gudu, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a Doron Baga shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce. Mahaifina ne ya zaɓo katakon maɗaci da hannunsa, ya tsaya a kan masassaƙa har aka buga ƙusar ƙarshe. Lokacin da kowa ke rububin inji, shi Dogo da iska yake tafiya. Buhunan gari muka haɗa muka ɗinke, muka ɗaura a kan doguwar sanda, iska ta cika su ta tura shi. Masu inji sun sha yi mana dariya, kuma mun sha jawo su da igiya idan mai ya ƙare musu a tsakiyar ruwa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya ƙin kaya. Ya ɗauki banda, ya ɗauki kanwa, ya ɗauki amare da tumakinsu. Maganarsa kaɗan ce. In kaya sun yi masa yawa ya ce «ƙiiit», in iska ta yi daɗi ya ce «caɓal, caɓal», shi ke nan. A shekarar da rikici ya tashi mutanen tsibirai, shi ya yi ta kwaso mutane yana saukewa a Doro, ruwa na taɓa leɓensa, bai zubar da ko jariri ɗaya ba. Duk wanda ya hau shi a wannan lokacin ya san ba ƙari nake yi ba.

Da abin ya matso mu ma, kowa ya ɗaure katifa da tukunya, ni kuwa na roƙi direban motar kifi ya ɗora mini jirgi. An ce na zare. Matata Zainaba ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba, don keken ɗinkinta aka sauke aka sa shi. Amma ni na san abin da nake yi. Muddin Dogo na nan, mu baƙi ne a Maiduguri, kuma baƙo komawa yake yi. Haka nake gaya wa yarana duk lokacin da suka tambaye ni yaushe za a koma gida.

Yayan matata, Alhaji Babakura, mai sayar da yadi a Kasuwar Litinin, shi ya ba mu ɗaki, ya ba marigayin gefen katanga. Jirgin katako da ruwa yake rayuwa. In ya jiƙe katakon ya kumbura ya matse, in ya bushe ya ja baya ya buɗe. Don haka kullum nake shayar da shi. Ruwan wanki, ruwan wanke-wanke, sauran na buta, duk cikinsa nake juyewa, in toshe tsaga da tsumma da kwalta. Matan gidan suna cewa ga tsohon da ke yi wa itace wanka, ni kuwa ko a jikina.

Ajalinsa ya zo ta hanyar alheri. Na tafi Khaddamari aikin girbi, ciwo ya kwantar da ni a can har bazara ta shiga. Alhaji, Allah ya saka masa, ya dubi jirgin ya ga ruwa kwance a ciki, tausayi ya kama shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kare yadi daga laima, me zai ɗauki ruwa in ba maƙiyi ba? Ya sa aka kwashe shi tas, aka ɗaga Dogo a kan bulo don kada ƙasa ta taɓa shi, aka yi masa rumfar kwano sabuwa fil, aka gargaɗi yara kada wanda ya kuskura ya ɗiga masa ko kofi ɗaya. Da na dawo, shi da kansa ya riƙe hannuna ya kai ni in gani, yana murmushi. Na yi masa godiya. Ta tsagar gindin jirgin ina hango kaji suna kiwo a ƙasa.

Na koma shayar da shi, amma ruwan sai ya bi ta ƙasa ya wuce kamar an zuba a kwando. Gara ta samu ƙofa ta shiga. Makon jiya Ya'akubu kafinta ya zo ya ƙwanƙwasa shi daga kai har gindi. Sautin da ya fito ba na Dogo ba ne. Ya'akubu ya cire hularsa ya riƙe. Ban riƙe kowa a zuciya ba, kuma ina roƙon masu zuwa gaisuwa kada su faɗa wa Alhaji abin da na rubuta a nan.

Marigayin ya bar sandar tuƙi, wadda yanzu ake shanya a kanta. Ya bar buhunan iskarsa, suna yi wa akuya inuwa. Ya bar rabin jarkar da ake kwarfe masa ruwa, da tsohuwar komar kamun kifi mai ƙamshin tafki har yau. Ya kuma bar ni, da yaran da ban san amsar da zan ba su ba.

Za a sauke shi daga kan bulo ranar Asabar da hantsi. Liman ya ce babu salla, na kuma yarda. Ya'akubu zai zare ƙusoshin a hankali, ba da gatari ba. Katakon da gara ta ci, mata su hura wuta. Wanda ya rage da lafiya za a yayyanka a kai maƙabarta, don masu haƙa sun ce a 'yan shekarun nan itacen rufi ba ya isarsu. Na ce a ware mini nawa a ajiye a bayan ɗaki, daidai tsawona. Da can na yi wasiyya a kai ni Doro kusa da mahaifina. Na janye. A nan za a sa ni.