Na Ce Da Gangan Na Bar Mata

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na saka babbar riga na tafi wasan ches ba. Tun daga nan ya kamata in gane kaina ya fara rawa, domin duk wanda ya san wasan ya san hannun babbar riga kaɗai ya isa ya share maka sojoji daga kan allo. Amma a lokacin gani nake duk Zariya babu kamar ni.

Gaskiya ba laifina ba ne ni kaɗai, mutane ne suka kumbura mini kai. Muna da wata majalisa a Tudun Wada, a ƙofar kemis ɗin Oga Emeka, inda muke baza allo a kan benci bayan la'asar. Akwai malaman makaranta, akwai teloli, akwai ɗaliban jami'a da ke zuwa daga Samaru takanas don su gwada ni, su koma suna sosa ƙeya. Oga Emeka, wanda a nan unguwar aka haife shi kuma Hausarsa ta fi ta wasunmu, shi ne na biyu a majalisar. Shi ya laƙaba mini "Farfesa" (ni da ko digiri na biyu ban ƙarasa ba), sunan kuma ya bi ni har ofis. Na taɓa zuwa gasa a Kaduna na dawo da kofi. Duk baƙon da ya shigo falona sai ya ji tarihin kofin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ana nan sai Hajiya Balaraba, shugabar wata firamare mai zaman kanta a bayan layinmu, ta aiko a ce mini yaranta sun fara koyon ches, tana so in zo ranar rabon kyaututtuka in ɗan yi musu nasiha. Nasiha kawai baiwar Allah ta nema. Ni na ƙara da cewa a jera mini yaran gaba ɗaya, kowa da allonsa, in riƙa zagayawa ina wasa da su a lokaci guda. Na kuma ce a tanadar mini makirfo, don iyaye ma su ƙaru.

Matata Hajara ba ta taɓa ɗaukar ches da daraja ba. A wajenta wasan 'yar tsana ne na masu gemu. Don haka na dage sai ta zo ta ga yadda ake girmama mijinta a waje. Ta ce to. Abin da ban sani ba, ta gayyato ƙannenta mata daga Gyallesu, waɗanda dariyarsu kan tsallake katanga.

Muka isa, an kafa rumfa, iyaye sun cika kujerun roba. An jera tebura, yara sun zauna tsaf cikin yunifom. Na karɓi makirfo na yi gyaran murya, na ce duk na ba su fararen 'ya'ya, wato su ne za su fara tafiya, domin babba ba ya rigegeniya da yaro. Aka tafa mini. Oga Emeka ya rufe kemis ya zo, ya tsaya a gefe yana ɗaga mini babban yatsa.

Na fara zagaye. In tsaya a gaban yaro, in tura ɗa guda, in faɗi wata hikima a lasifika, in wuce. Wani yaro ya bar dokinsa a fili na cinye. Wata ta manta yadda soja ke ci na tuna mata cikin tausasawa. Kai, abin ya yi daɗi. Ina satar kallon Hajara, na ga har ta daina danna waya.

A ƙarshen layi akwai wata 'yar ficiciyar yarinya, wai ita Nusaiba, ba za ta wuce shekara tara ba. Teburin ya yi mata tsawo, sai ta durƙusa a kan kujerar. Hijabinta ya sauko har ya rufe mata gira, hannunta ɗaya riƙe da goruba tana gaigaya. Ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dube ni ba. Duk zuwan da na yi, tana tura nata kafin in gama tsayawa. Na ce a raina, wannan so take a gama ta tafi wajen rabon minti.

Ban yi zagaye da yawa ba na dawo na tarar ta ɗauke dokin da ke kare sarauniyarta, ta ci mini soja ɗaya da shi, ta bar sarauniyar a buɗe, bishof ɗina, ɗan nan mai tafiya a karkace, yana kallonta. (Ga wanda bai san wasan ba: sarauniya ita ce mafi ƙarfi a allo. Ba da ita saboda soja kamar ka ba da mota ne a ba ka keke.)

Na yi murmushin dattawa. Na kai makirfo baki na ce, "Jama'a, ga darasi ya samu. 'Yata, mayar da dokinki, na yafe miki. Sake tunani."

Ta cire goruba daga baki ta ce, "Malam, Anti ta ce in an saki hannu ba a mayarwa."

Iyaye suka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Madalla da tarbiyya." Sai na sa hannu na ɗauke sarauniyar. Ban tsaya nan ba, wallahi, sai da na ɗaga ta sama na juya da ita kowa ya gani, kamar mai gwanjo. Na ce, "Yara, ku riƙe wannan: ba a barin sarauniya a bakin hanya."

Ban rufe baki ba na ji ƙaramar murya ta ce, "Cek," wato an kai wa sarkina hari.

Na duba. Ta turo bishof ɗinta har gefen sarkina, dokin nan da na raina yana tsare masa baya. Gida ɗaya tak ya rage wa sarkina, na matsar da shi. A nan ne hoton da ke kan allon ya fara yi mini kama da wani abu da na sani. Nusaiba ta ajiye gorubarta, ta goge hannu a hijabi, ta ɗauko ɗaya dokin ta dire shi a tsakiyar allo.

"Malam, ya mutu."

Na dubi dama, a rufe. Na dubi hagu, 'ya'yana ne da kansu suka tare wa sarkin hanya. Tsohon tarko ne, na san shi tun ina ɗalibi, na sha ɗana wa mutane shi a majalisa. Oga Emeka kansa ya taɓa faɗawa ciki na yi sati ina tsokanarsa. Sai ga shi a bayana, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Farfesa, wallahi ya mutu. Har ya yi sanyi."

To, da ina da hankali, da na yi dariya na shafa kan yarinya an wuce wurin. Kowa ya san mai wasa da yara da yawa a lokaci guda yana iya yin tuntuɓe. Amma ga ƙannen Hajara can sun fara toshe baki da mayafi, ga makirfo a hannuna, shaiɗan kuma bai yi nisa ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Jama'a, abin da kuka gani yanzu dabara ce ta koyarwa. Da gangan na bar mata, domin a ƙarfafa wa 'ya'ya mata gwiwa."

Aka ɗauki tafi. Hajiya Balaraba ta miƙe tana cewa, "Allah ya saka da alheri, Farfesa, haka manya suke." Wani dattijo ya ce irinmu ake nema a ƙasar nan. Oga Emeka ya dube ni, na dube shi, ya kau da kai yana tari. Na ce shi ke nan, na tsira.

Sai na ji ana jan gefen rigata. Nusaiba ce ta sauko daga kujera. Karo na farko ke nan da ta dube ni, idanunta kuwa sun cika da ƙwalla.

"Malam, ashe ba ni na ci ba?"

Na sunkuya don in lallashe ta a asirce, na manta makirfon yana hannuna, kuma a kunne. Duk rumfar ta ji lokacin da ta ce, "To don Allah mu sake. Amma wannan karon kada ka bar mini."

Wani daga baya ya ce, "A sake!" Wata murya da na tabbata ta ƙanwar matata ce ta amsa, "A sake mana!" Kafin in ƙirƙiro uzuri an janye sauran teburan, an kawo mana ɗaya tsakiyar fili, an ɗora wa Nusaiba matashi a kan kujera. Oga Emeka ya zare makirfon daga hannuna, wai shi zai riƙa yi wa jama'a bayani. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin nasa a ranar ba.

Na tuɓe babbar riga na rataye a kujera. Na ɗauki fararen 'ya'ya, babu kunya babu kara. Na buɗe da salon da na ci kofin Kaduna da shi. Wannan karon babu hikima babu murmushi, duk abin da na sani na zuba.

Ita kuwa ta koma kan gorubarta. Ni in yi tunani har gumi ya ɗigo daga haɓata, ita ta tura nata kamar mai korar ƙuda. Ta bar mini soja ɗaya. Na duba, na sake dubawa, ban ga tarko ba, na ci. Ta bar mini na biyu. Na ce a'a, wannan kam kuskure ne na yarinta, na ci. Sai da na ɗago na lura cewa sojojin nan biyu ƙofofi ne ta buɗe wa manyan 'ya'yanta, duk sun juyo suna kallon sarkina, nawa kuwa suna can ɗaya gefen allon suna kiwo.

Oga Emeka na ta faman sanarwa: "Jama'a, Farfesa yana tunani. Har yanzu yana tunani. A kawo masa ruwa."

Na kare nan, ta ɓullo can. Na toshe can, ta ba da hasumiyarta, ɗaya daga manyan 'ya'yanta, sukutum, dole na ci don babu wata hanya. Ina ci, dokinta ya yi tsalle ya sauka a wani gida da ya kama sarkina da sarauniyata a lokaci guda. Dole in gudu da sarki, ta ɗauke sarauniya, bayan nan kuma kisa ne ƙuru-ƙuru, ko ɗan aji ɗaya zai gani. Na sa yatsa na kwantar da sarkina.

Nusaiba ta dube ni da gaske, babu alamar tsokana a fuskarta. Oga Emeka, Allah ya shirye shi, ya kawo makirfo daidai tsakaninmu.

"Malam, wannan ma bar mini ka yi?"

Na ce, "A'a, 'yata. Wannan ke kika ci." Ta ci gaba da kallona. Na ce, "Na farkon ma ke kika ci."

Dariyar da ta tashi a rumfar nan, ina jin har Kwangila an ji ta. Hajiya Balaraba ta rufe fuska da takardar jawabinta. Mahaifiyar yarinyar ta taso da gudu ta rungume ta, tana ba ni haƙuri, abin da ya ƙara mini kunya ke nan. Don in ɗan farfaɗo da mutuncina, na tambayi Nusaiba wa ya koya mata.

Ta ce, "A wayar Mama nake yi. Kuma in an aike ni kemis ina tsayawa in kalle ku." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai kullum in aka bar maka abu sai ka ci."

Oga Emeka sai da ya zauna a ƙasa.

A hanyar gida na goyo Hajara a mashin, babbar riga a naɗe a kan tanki. Ina jin kafaɗunta suna girgiza a bayana don dariya. Sai da muka shiga layinmu ta ce, "Baban Abba, gaskiya yau na yarda wasan nan na masu hankali ne. Yaushe za ka fara koyo?"

Na yi kwanaki ban leƙa majalisa ba. Da na koma, na tarar an ajiye wa Nusaiba wuri a kan benci, mahaifinta yana kawo ta ran Asabar da yamma. Muna wasa, takan ci ni, nakan ci ta jefi-jefi, kuma ranar da na ci ta har nama nake saya in kai gida.

Abin da na koya shi ne, in dai dole sai ka yi ƙaryar kare kai, yi ta a gaban manya. Su sun san ƙarya ce, za su tafa maka su wuce, don su ma suna da tasu. Yaro kuwa yarda zai yi da kai, kuma daga nan wahalarka za ta fara.