Ƙodar Farfesa

Shekara shida Auta ya yi ba ya gida. Ya dawo ya tarar an sare bishiyar tsakar gida, ɗakinsa ya zama ma'ajiyar tsofaffin tayoyi, yayansa kuma ya zama Farfesa, don kawai ya taɓa yin wata biyu yana sharar ɗakin gwaji.

"Ni ƙodata irin ta raƙumi ce," in ji Farfesa, yana dukan kwiɓi.

To, wani kamfanin manyan motoci ne ke neman direba guda, amma sai an duba lafiyar mutum kafin sha biyun rana. Gogan naka ya ce ya gano sirrin: ba sa son direban da zai riƙa tsayawa fitsari a kowane gari. Sai ya yi kwana biyu bai kurɓi ruwa ba, wai horar da ƙodar yake. Auta ya raka shi, da yake zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ba da sunansa.

Ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa kowa 'yar kwalbar gwajin fitsari. Auta ya shiga banɗaki ya fito. Farfesa ya shiga, shiru. Ya buɗe famfo ya kasa kunne, ya yi tsalle, ya yi nishi, daga ƙarshe ya fito da ɗigo uku jawur kamar shayin da aka manta a wuta.

Matar ta ɗaga kwalbar ta duba. Ta ce masa in jiki ya bushe, ƙoda takan mayar da ruwan da ta tace cikin jini, ta tura dattin cikin ɗan abin da ya rage. "Malam, taka ta fi ka hankali. Wannan ba zai isa gwaji ba."

Sarkin dabara ya kwankwaɗi ruwa gora huɗu a tsaye. Ƙodar ta karɓa ta adana, don ta daina yarda da shi. Sha biyu ta yi, aka rufe tagar karɓar gwaji, aka ba Auta aikin.

Kai dai bari, ruwan nan bai tashi fitowa ba sai a motar haya, a tsakiyar gada, cikin cunkoso.

Washegari Auta na ɗaure jaka, Farfesa na shanya wando yana bayanin cewa ruwan gora ne ya zube masa. Inna ta leƙo daga zaure, ta dubi Farfesa.

"Mai motar na ƙofar gida. Ya ce ka zo ka yi wa kujerarsa wannan bayanin."